Wasiƙa Na Shigowa, Taka Ta Ƙi Fita: Abin da Ke Tare Imel a Kwamfuta

A ofisoshi da shagunan buga takardu da makarantu masu zaman kansu, akwai matsalar da ta fi ɗaukewar sabis ɗaure wa mutane kai. Idan sabis ya ɗauke kowa ya san abin da ya faru, sai a yi haƙuri a jira. Wannan kuwa daban take. Intanet na aiki, shafuka na buɗewa, wasiƙun mutane na faɗowa cikin Outlook ko Thunderbird ɗaya bayan ɗaya, amma wadda ka rubuta ta kafe a akwatin fita, wanda manhajar ke kira Outbox. Wataƙila takardar neman kwangila ce da za a rufe karɓa da ƙarfe huɗu, ko rahoton wata da shugaba ke jira, ko takardun neman gurbin karatu. Mai kwamfuta ya danna, ya sake dannawa. Wani ɗan akwati ya fito ɗauke da Turanci da lambobi, ya rufe shi bai karanta ba, ya kashe na'ura ya kunna. Daga nan sai a kira injiniya, shi kuma sau da yawa maganinsa ɗaya ne: a goge komai a sake sawa.

Wannan ɗan akwatin da ake rufewa da gaggawa, a cikinsa amsar take. Kuma a shekarun nan, da yawa daga cikin wasiƙun da ke ƙin fita ba lalacewar kwamfuta ba ce ta tare su. Manyan kamfanonin imel ne suka tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo, da gangan, kwamfutar kuma tana nan kan tsohon tsari.

Hanyar shiga daban, ta fita daban

Duk wanda ya taɓa riƙe akwati a gidan waya ya san cewa makullin akwatinsa na ɗauko wasiƙa ne kawai. In aikawa zai yi, sai ya zagaya kanta, ya sayi kan sarki, ma'aikaci ya auna ya karɓa. Haka imel yake. Manhajar da ke kan kwamfutarka tana magana da saba (server) biyu ne, ba ɗaya ba. Ta farko tana ba ta abin da aka aiko maka, ta hanyar tsarin POP3 ko IMAP. Ta biyu tana karɓar abin da za ka aika, ta tsarin SMTP. Kowace da adireshinta, da lambar ƙofarta, da nata tambayoyin. Shi ya sa mutum zai rantse kalmar sirrinsa daidai take tunda ga wasiƙu na shigowa, alhali sabar fita ba ta taɓa jin wannan kalmar daga gare shi ba.

Tsarin SMTP tsoho ne. Jon Postel, masanin kwamfuta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, shi ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, kimanin shekara goma sha ɗaya bayan Ray Tomlinson ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci da alamar @. A wancan zamani intanet ta malaman jami'a ce da cibiyoyin bincike, kusan kowa ya san kowa. Don haka tsarin bai tanadi tambayar "wane ne kai?" ba. Duk wanda ya miƙo wasiƙa ta ƙofa mai lamba 25, saba za ta karɓa ta wuce da ita. Da intanet ta zama ta duniya a shekarun 1990, masu tallan tilas da 'yan damfara suka mayar da wannan yarda kasuwa, suna tura wasiƙu miliyoyi ta sabar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Duk gyare-gyaren da suka biyo baya, rufe wannan kafa ce. A 1998 aka ware ƙofa 587 domin manhajojin masu amfani, aka bar 25 ga sabobi su riƙa magana da juna. A 1999 aka shigo da ƙa'idar nuna suna da kalmar sirri kafin a aika, da kuma STARTTLS mai lulluɓe tattaunawar don kada wani a hanya ya karanta. Ƙofa 465 kuwa tarihinta ya ɗan yi kwana-kwana: an ware ta a ƙarshen shekarun 1990, aka janye ta, mutane suka ci gaba da amfani da ita, har a 2018 aka mayar da ita a hukumance. Kamfanonin sadarwa da dama a duniya sun toshe ƙofa 25 ga kwastomominsu, saboda kwamfutocin da cuta ta kama ta nan suke feso shara. Kwamfutar da aka saita ta shekara goma da suka wuce tana iya kasancewa har yau ƙofa 25 take ƙwanƙwasawa.

Gwaji biyu kafin a taɓa komai

Kafin a canza ko da harafi ɗaya a saiti, akwai gwaji biyu da ba sa cin minti biyar, kuma su ke raba gardama.

Na farko, buɗe burauza ka shiga akwatin ta shafin intanet, ka aika wa kanka wasiƙa. In ta tafi, asusunka lafiya lau yake, kalmar sirrinka tana aiki, ba a dakatar da kai ba. Matsalar tana tsakanin manhajar kwamfuta da saba. In ma a can ta ƙi tafiya, to bar Outlook ya huta, ba shi da laifi: ko akwatin ya cika, ko kuɗin hayar saba ya ƙare, ko an rufe asusun. Wannan gwajin yana da wani amfani na daban, domin takardar da ake gaggawar aikawa sai ta tafi ta nan, a yi gyaran da kwanciyar hankali.

Na biyu, canza layi. Cire kwamfutar daga intanet ɗin ofis, ka haɗa ta da datar wayarka, ka sake gwadawa. In wasiƙar ta fita nan take, hanyar ofis ce ke toshe ƙofar, ko na'urar rarraba intanet ko katangar tsaron da aka kafa. Mai son tabbatarwa a Windows zai iya buɗe PowerShell ya rubuta Test-NetConnection smtp.gmail.com -Port 587. Idan layin ƙarshe ya nuna True, hanya a buɗe take. Idan False ne, ko sau ɗari ka sake rubuta kalmar sirri aikin banza ne, don maganar ba ta ma isa wurin mai tambayar kalmar ba.

A duba kuma ƙasan allon Outlook, inda yake nuna ko yana haɗe da intanet. Akwai maɓallin da ke sa manhajar ta daina magana da intanet, Work Offline, wanda hannu ke iya taɓawa bisa kuskure. Yana da sauƙin ganewa, domin shi shiga da fita duka yake tsayarwa.

Lambobin suna magana

Sabar SMTP ba ta ƙin saƙo a ɓoye. Kullum sai ta faɗi dalili da lamba mai harafi uku, kuma lambar farko ita ce jigo. Wadda ta fara da 4, kamar 421 ko 451, tana nufin matsalar ta ɗan lokaci ce, a sake gwadawa an jima. Wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne na dindindin, sai an gyara wani abu.

Lamba 535 tana cikin waɗanda aka fi gani: saba ba ta yarda da suna ko kalmar sirri ba. Lamba 550 tana da fuska da yawa. Wani lokaci adireshin wanda ka aika wa ne babu shi, harafi ɗaya ya kuskure. Wani lokaci kuma tana zuwa da ƙarin 5.7.1 da maganar relay, ma'ana saba na cewa ba ta san ka ba, ba za ta kai maka saƙo waje ba. A tsohon Outlook maganin wannan yana ɓoye a wuri guda: cikin saitin asusu, a More Settings, shafin Outgoing Server, akwai ɗan akwatin da ke cewa sabar fita na buƙatar tantancewa. Idan ba a yi masa maki ba, Outlook zai je wurin saba hannu rabbana, ba suna ba kalmar sirri. Alamarsa mai ban mamaki ce: kana iya aika wa abokin aikinka da kuke kan saba ɗaya, amma wasiƙa zuwa Gmail ko Yahoo ta dawo. Wannan ɗan maki ɗaya ya sha jawo a goge kwamfuta gaba ɗaya ba gaira ba dalili. Sai 552, wadda galibi ke nufin saƙon ya yi nauyi, da 554 da ke nufin an ƙi saƙon ɗungurungum, sau da yawa bisa zargin shara ne.

Outlook yana ƙara nasa lambobin masu farawa da 0x800. Biyu da ya kamata a riƙe su ne 0x80042109 da 0x800CCC0E, dukansu suna cewa manhajar ta kasa isa ga saba. Wannan ba maganar kalmar sirri ba ce. Adireshi ne, ko ƙofa, ko nau'in lulluɓi. Kuma a nan ake yawan haɗa abin da bai haɗu ba. Ƙofa 587 da STARTTLS take tafiya, ƙofa 465 da SSL/TLS. In ka ɗauki ƙofar wannan ka haɗa da lulluɓin wancan, manhajar za ta yi ta juyi har lokaci ya ƙure, sannan ta ce saba ba ta amsa ba. Adireshin fita na Gmail shi ne smtp.gmail.com, na Yahoo smtp.mail.yahoo.com, na Microsoft 365 kuwa smtp.office365.com a ƙofa 587. Masu imel na ma'aikata su tambayi wanda ke riƙe musu saba, kada su yi ƙiyasi. Su kuma lura cewa a gurbin suna yawanci cikakken adireshi ake so, har da abin da ke bayan @.

Thunderbird, wadda Mozilla ta fitar da cikakken zubinta na farko a 2004, tana da nata tarkon. Sabobin fita a jeri guda take tara su, can ƙasan saitin asusu, daban da asusun kansu. Mai adireshi biyu ko uku yana iya wayar gari adireshin ofis na ƙoƙarin fita ta sabar Gmail ɗinsa. A buɗe kowane asusu a duba sabar da aka ɗaura masa.

Kalmar sirrin da ta daina aiki ba tare da an canza ta ba

Wannan ne babban abin da ya sauya a 'yan shekarun nan, kuma shi ya fi cutar da mutane domin ba su yi komai ba. A ranar 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane da suna da kalmar sirri zalla. Yahoo ya riga shi ɗaukar irin wannan mataki. Microsoft ya fara rufe tsohuwar hanyar ga asusun kamfanoni a Oktoban 2022, sannan a ranar 16 ga Satumba, 2024, ya rufe ta ga masu Outlook.com da Hotmail. Dalilinsu a fili yake. Kalmar sirrin da manhaja ke ajiyewa tana miƙawa kullum, in ɓarawo ya same ta, ya sami komai.

Abin da ya maye gurbinta shi ne OAuth2. Maimakon ka ba manhajar kalmar sirrinka, sai ta buɗe maka shafin Google ko Microsoft, ka shiga da kanka, su ba ta wata shaida ta musamman da za ka iya janyewa duk ranar da ka so. Thunderbird ta daɗe da iya wannan. Abin da ake buƙata kawai a canza hanyar tantancewa zuwa OAuth2, a sabar shiga da kuma ta fita. Da yawa sukan canza ta shiga su manta da ta fita, sai a koma gidan jiya: saƙo na zuwa, ba ya tafiya.

Outlook 2007 da 2010, waɗanda har yanzu suke cike da kwamfutocin ofisoshinmu, ba su san wannan hanya ba. Mafitarsu a Gmail ita ce kalmar sirri ta manhaja, mai harafi 16, wadda Google ke ƙirƙira maka daga shafin tsaron asusunka, kuma ba ya ba da ita sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Saƙon kuskure mai lamba 534 da 5.7.9 wannan kalmar yake nema. Tana aiki, amma a ganina dabarar wucin gadi ce. Manhajar da masu ita suka daina yi wa gyara shekaru da suka wuce bai dace a ce ita ke riƙe da wasiƙun ma'aikata ba, balle ga Thunderbird kyauta. Haka Windows Live Mail, da aka daina tallafa mata a 2017, da manhajar Mail ta Windows da Microsoft ya sallama a ƙarshen 2024.

Tsufa yana kawo wata matsalar. Tsofaffin nau'o'in lulluɓi, TLS 1.0 da 1.1, an yi musu ritaya a hukumance a 2021, kuma sabobi da yawa sun daina amsa su. Tsohuwar Windows 7 da ba a sabunta ba tana iya kasa gaisawa da sabuwar saba. Akasin haka ma na faruwa: tun zubi na 78 a 2020 Thunderbird ta daina yarda da tsohon lulluɓi, don haka sabuwar manhaja na iya ƙin tsohuwar sabar ma'aikata.

Agogo, nauyi, da mai gadi

Akwai dalilin da ya fi addabar wuraren da wuta ba ta tsayawa kuma ake aiki da kwamfutoci na hannu. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, yawanci CR2032, da ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. In ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya. Ita kuwa saba tana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ke ganin tana 2009 za ta ɗauki takardar bana a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ta ƙi ta. Duba kusurwar allo kafin ka zargi kowa. Batirin ba shi da tsada.

Wani lokaci takardar ce ta ƙare da gaske. Na Let's Encrypt, da ƙananan sabobi da yawa ke amfani da su, kwana 90 suke yi, kuma in sabuntawar ta tsaya ba wanda ya lura sai masu aika wasiƙa. Ko kuma sunan da ke kan takardar ya saɓa da wanda ka rubuta a saiti, abin da ya zama ruwan dare a sabobin haya da kamfanoni da yawa ke rabawa. Manhaja za ta yi gargaɗi ta ba ka zaɓin ka ci gaba a haka. Ina roƙon mai karatu kada ya saba da danna "ci gaba" ido rufe, kuma kada ya yarda a kashe masa lulluɓi gaba ɗaya don wasiƙa ta fita. Za ta fita, amma kalmar sirrinka za ta riƙa yawo tsirara a duk intanet ɗin otal ko shagon da ka haɗa da shi. A nemi sunan saba na gaskiya daga masu ita, a rubuta shi.

Sai nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka maƙala ya wuce megabait 25, Outlook na kwamfuta kuma yakan tsaya a 20 ga asusun intanet. Abin da mutane ba su sani ba shi ne fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka mayar da shi sigar da imel ke ɗauka, don haka takardun da aka yi wa sikanin suka kai megabait 18 suna iya haura iyaka a hanya. Mugun abin shi ne wasiƙa mai nauyi ɗaya tana iya tsayawa a gaba ta hana na bayanta wucewa, kuma ta ƙi goguwa domin manhajar na cewa tana kan aika ta. A nan Work Offline ke da rana: a kunna shi, a rufe Outlook a buɗe, a ja wasiƙar zuwa Drafts, a cire nauyin. Babban fayil a ɗora shi a Google Drive ko OneDrive a aika da mahaɗi.

Manhajojin kariya daga cutar kwamfuta su ma sukan shiga tsakani. Wasu suna tsayawa tsakanin manhajar imel da saba don su binciki kowace wasiƙa, kuma bayan sabuntawa sukan rikice su riƙe komai. A dakatar da sashen binciken imel kaɗai na ɗan lokaci a gwada, sannan a mayar. Idan ana zargin wani ƙari da aka liƙa wa Outlook ne, a riƙe maɓallin Ctrl yayin buɗe shi, zai tashi ba tare da su ba.

Ta fita, amma ba ta isa ba

Akwai matakin da manhaja ta gama nata. Wasiƙa ta bar akwatin fita, ta koma cikin waɗanda aka aika, can sai ga wani saƙo daga Mailer-Daemon ya dawo da ita, ko kuma a ji shiru wanda aka aika wa ya ce bai gani ba. Nan yawanci ba abin da za a gyara a kwamfuta.

Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsanantawa kan wasiƙun da ke shigo musu. Gmail na buƙatar kowane mai aikawa ya kasance yana da aƙalla ɗaya daga shaidu biyu: SPF, jerin sabobin da aka yarda su aika da sunan ma'aikatarka, ko DKIM, sa hannun da ake liƙa wa kowace wasiƙa. Masu aika wasiƙu 5,000 ko fiye a rana sai sun haɗa su biyun da wani tsari na uku, DMARC. Ƙaramin kamfani ko makaranta da ta sayi adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com ta ba wani ya haɗa mata shafi ya tafi, tana iya ganin wasiƙunta na dawowa da 550 da 5.7.26. Gyaran yana cikin bayanan DNS na sunan ma'aikatar, aikin mai riƙe da saba ne.

Haka kuma sabar haya tana iya shiga baƙin littafi. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, da Steve Linford ya kafa a 1998, suna tara adireshin sabobin da ke fitar da shara, manyan kamfanoni kuma suna duba jerin kafin su karɓi saƙo. In kuna raba saba ɗaya da kamfanoni ɗari, ɗaya ya yi ɓarna, dukanku za ku sha. Wani lokacin ma ɓarnar daga gida take. An sace kalmar sirrin wani ma'aikaci, an kwana ana aika dubban wasiƙun damfara da sunansa, masu saba suka rufe masa hanyar fita da safe. Gmail ma yana tsayar da asusun kyauta da ya haura wasiƙu 500 a rana. Wanda aka ce ya wuce iyaka alhali wasiƙa uku ya aika, ya ɗauki abin da muhimmanci: ya canza kalmar sirri daga wata na'ura mai tsabta, ya duba ko an dasa masa dokar tura kwafin wasiƙunsa zuwa wani baƙon adireshi, domin da irin wannan ake sauya lambar asusun banki a takardar biyan kuɗi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne saurin gogewa. Asusun IMAP yana barin wasiƙu a saba, ko an goge kwamfuta za su dawo. Na POP3 kuwa sau da yawa yana sauko da su ne ya share na saba, ta yadda kwafin da ke faifan kwamfutar shi kaɗai ya rage a duniya. A Outlook suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst, a Thunderbird cikin jakar Profiles. Injiniyan da ya yi wa na'ura fomat don wasiƙa ɗaya ta ƙi fita yana iya tafiya da wasiƙun shekara goma, da rasitai, da yarjejeniyoyi, kuma bayan ya gama matsalar tana nan, tunda saitin da ya sake rubutawa shi ne dai na da. A kwafe waɗannan fayiloli zuwa filas kafin kowa ya taɓa komai.

In kuwa abin ya kai ga kiran masu saba, a je musu da hoton saƙon kuskuren da aka ɗauka da waya, cikakke har lambobinsa, da lokacin da ya faru, da adireshin da aka aika wa, da sunan saba da ƙofar da ke cikin saiti, da sakamakon gwajin burauza da na datar waya. Da waɗannan ma'aikacinsu zai buɗe rajistar sabar ya je kai tsaye kan layin da aka ƙi wasiƙar, ya karanta dalilin da aka rubuta a gefensa.